Yadda nake kwashe waƙoƙin faifan garmaho zuwa kwamfuta a nan Zariya

Har yanzu akwai faya-fayan garmaho jibge a gidajen Zariya fiye da yadda mutane suke zato. Cikin birni, Tudun Wada, Sabon Gari wajen gidajen tsofaffin ma'aikatan reluwe, Samaru wajen waɗanda iyayensu suka yi aiki a jami'a, in ka tambaya a hankali sai kaji ance ai akwai wasu a cikin adaka ko saman silin ko ƙarƙashin gadon tsohuwa, na marigayi ne, tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa. Kuma ba wai raina su akayi ba, a'a, abin sauraren ne babu, garmahon ya mutu tun lokacin da kaset ya shigo aka ture shi gefe, yara suka ciccire abin da zasu cire. Toh ni abin da yake damuna shine faya-fayan nan ba jiranmu suke ba, zafin bazara yana lanƙwasa su, gara tana cin kwalayensu, damina tana sa musu hunhuna, kuma wasu waƙoƙin dake ciki wallahi ko kwana kayi kana lalube a YouTube ba zaka samu ba, in ma ka samu zaka tarar wani ne ya kara waya a jikin rediyo ya ɗauka, babu sunan waƙa babu shekara, sannan ya ɗora muryarsa a tsakiya yana tallan shagonsa.

Shi yasa nace bari in rubuta yadda nake yin nawa, don aikin ba wani sihiri bane, haƙuri kawai yake so da ɗan kula.

Farko dai injin kansa. Dan Allah kada ka sayi irin ƙananan nan masu kama da akwatin tafiya da ake tallarsu a intanet, masu sifika a jiki, suna da kyau a ido amma allurarsu takan danna faifai da nauyin da ya haura giram 5 kuma babu yadda zakayi ka rage, faifan da ya shekara 50 yana kwance lafiya sai ka cinye shi a hankali da hannunka. In da hali akwai Audio-Technica AT-LP120XUSB, yana juya 33 da 45 da 78 duka, wato yawan juyin faifai a minti ɗaya, kuma yana da ramin USB wanda zaka haɗa kai tsaye da kwamfuta, shine ya fi sauƙaƙa wa mutum rayuwa. Ƙaninsa AT-LP60X ya fi arha amma ba a saita nauyin hannunsa mai ɗauke da allura kuma baya juya 78. Na hannu kuma, wato 'yan gwanjo, idan Allah ya haɗa ka da Technics SL-1200 toh kada ka tsaya dogon ciniki, a 1972 aka fara ƙera shi kuma har yau masu kiɗan biki basu sami wanda ya kai shi juriya ba. Akwai kuma tsofaffin Pioneer da Sony da Kenwood da Akai da suke fitowa cikin kayan gwanjo, da yawa lafiyarsu ƙalau, bel ne kawai ya saki ko ya narke ya manne, sai allura da ta gaji.

Amma ga inda mutanenmu suke faɗawa, maganar wuta. Wutarmu bolt 230 ce kuma tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa bolt 120 ce tana bugawa sau 60. Kowa ya san zancen bolt, za a ce maka sayi sitef-dawun shikenan, eh sitef-dawun zai hana injin ƙonewa amma baya canza wancan 50 ɗin ya koma 60, kuma akwai tsofaffin garmaho da motarsu da bugun wutar take lissafin gudunta. Irin wannan in ɗan Amurka ne ka jona shi a nan, maimakon ya juya 33 da ɗoriya a minti sai ya riƙa juya wajen 28, kaji mawaƙin da ka sani da murya tar ya koma yana jan magana da ƙatuwar murya, kiɗan duk ya mutu. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ai haka tsofaffin waƙoƙi suke, ya kwafa ya raba wa duniya a haka. Don haka ka juya bayan injin ka karanta ɗan farantin da aka rubuta, in kaga 50 ko 50/60 toh, 'yan Ingila da Jamus basu da wannan matsalar tunda wutarsu irin tamu ce. Irin su SL-1200 na daga baya masu ɗan dutsen kwas, wato quartz, a cikinsu suke saita gudunsu, ba ruwansu da bugun wuta.

Wannan dalilin ne ma yasa bana ɗaukar komai da janareta. Ƙaramin janareta da zarar an kunna firij ko dutsen guga a wani ɗaki sai gudunsa ya sauka ya dawo, in motar garmahonka irin waccan ce duk wannan hawa da saukar sai ya shiga cikin waƙar. Inbata mai kyau da batirin sola ya fi min kwanciyar hankali, ga shi ba fargabar a ɗauke wuta kana tsakiyar faifai. Gwada gudun kuwa abu ne mai sauƙi, manna ɗan salatif a gefen farantin, ka riƙe agogo, a kan 33 ya kamata salatif ɗin ya wuce ta gabanka sau 100 cif a cikin minti 3, a kan 45 kuma sau 45 a minti 1. Akwai ma manhajar waya da ake ɗora wayar a kan farantin tana juyawa ta faɗa maka, amma ni ƙirgen nan ya ishe ni.

Saitin hannu a wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari na gani da idona, irin tsofaffin nan da shagonsu ya cika da gawarwakin rediyo har rufi. Wani ya kawo masa garmaho an ɗaure tsohon kwabo da zaren roba a kan allurar, wai don kada ta riƙa tsalle. Baba ya kwance kwabon ya ajiye gefe, ya dubi mai kayan yace "ɗana, wannan ba sauraren faifai kuke ba, nomansa kuke, allurar nan da wannan nauyin huɗa take yi a cikin layin kamar garma, in ta wuce sau ɗaya abin da ta kankare ya tafi kenan." Daga nan ya murɗa ɗan maɓallin dake gefen gindin hannun ya mayar dashi sifiri, ya kama dunƙulen ƙarfen dake bayan hannun yana juya shi kaɗan kaɗan yana sakin hannun yana kallo, har sai da hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, yana ɗan lilo. Sai ya riƙe ƙarfen da yatsu biyu ya juya zoben lambobin kawai ya kai sifiri, sannan ya juya ƙarfen gaba ɗaya zuwa 2, ya koma kan wancan maɓallin na gefe shima ya sa shi 2. Nace Baba shi wannan na gefen fa menene aikinsa, yace juyin faifai yana jan hannu zuwa ciki, shi kuma wannan yana ɗan janyo shi waje don allurar ta zauna tsakiyar layi kada ta ci gefe ɗaya. Duk abin bai ɗauke shi wani lokaci ba, yana yi yana amsa gaisuwar masu wucewa.

Ba kowace allura ce giram 2 ba, kowane kan allura da nauyin da kamfaninsa ya faɗa, yawancin na kirki tsakanin 1.5 ne zuwa 2.5, wasu har 3 da ɗoriya, ka duba lambar dake jikinsa ka bincika. Kuma rage nauyi fiye da ƙima shima ɓarna ne, allurar sai ta riƙa karkarwa a cikin layin tana dukan gefe da gefe. In na hannu ka saya kada ma ka tambayi mai kayan lafiyar allurar, canza ta kawai, ɗan dutsen dake bakinta yana cinyewa bayan wasu ɗaruruwan awoyi kuma ido baya gani. Teburin da zaka ɗora shi ya zama mai nauyi marar girgiɗi, ka aro ma'aunin magina mai ruwa a ciki ka ɗora a kan farantin ka tabbatar bai karkace ba, don daɓen ɗakunanmu da yawa akwai gangara.

Sai maganar da ta fi rikita mutane, me yasa in ka jona garmaho kai tsaye da sifika ko kwamfuta sai kaji sauti can ƙasa ƙasa, siriri, babu nauyi ko kaɗan. Dalili biyu ne. Wutar da allura take fitarwa 'yar mitsitsiya ce, wajen milibolt 3 zuwa 5, alhali abin da rediyon kaset ko CD yake fitarwa ya ninka wannan sau kusan ɗari. Na biyu kuma tun wajen yanka faifan da gangan ake rage masa kaurin sauti a ƙara masa kaifi, saboda kaurin sauti faɗin layi yake ci, in an bar shi yadda yake waƙar minti kaɗan zata cika faifan kuma allura ba zata iya zama ba. Ƙa'idar da kamfanoni suka haɗu a kanta ita ake kira RIAA, tun 1954. Toh aikin ɗan akwatin da ake kira fono shine ya ɗaga sautin kuma ya warware wancan ragin, ya dawo da kaurin ya sauke kaifin. Tsofaffin amfilifaya akwai shi a ciki, zaka ga rami biyu a baya an rubuta PHONO da ɗan kusa a gefensu. Sababbin garmaho wasu akwai shi a cikinsu da ɗan makunni a baya, PHONO ko LINE. Abin kiyayewa guda ɗaya ne, sautin ya bi ta fono sau ɗaya tak, in ka kunna na cikin garmahon sannan ka sake sokawa a ramin PHONO na amfilifaya zakaji ƙara ta fashe tana ɓarɓarwa, in kuma bai bi ta ko ɗaya ba shine wancan siririn.

Ɗan kusan nan na gefe kuwa na wayar at ne, wato earth, 'yar siririyar waya ta uku da take fitowa tare da wayoyin sauti ja da fari. In baka ɗaure ta ba zakaji wani gurnani yana bin bayan waƙar, uuuum, baya yankewa.

Daga nan sai shiga kwamfuta. Ramin iyafis ɗin laftof ba wurin wannan aikin bane, na makirfo ne, kunne ɗaya yake ɗauka kuma yana cika sautin da shara. In garmahonka mai USB ne an gama, in ba shi bane akwai ɗan ƙaramin akwati na Behringer, UFO202, wanda yake da fono a cikinsa da wurin ɗaura at, ko UCA202 wanda bashi da fono sai ka biyo ta amfilifaya. Manhajar da nake aiki da ita Audacity ce, kyauta ce kuma ko tsohuwar laftof tana ɗaukarta. Abu ɗaya da zaka duba a Windows, sau da yawa yana ɗaukar akwatin a matsayin makirfo ya sa shi a tasha ɗaya, sai ka shiga saitin sauti ka mayar dashi tasha 2, in ba haka ba hagu da dama zasu cakuɗe. Sannan ka zare caja lokacin ɗauka ka bar laftof a kan batirinta, cajojin da muke saya a kasuwa da yawa suna zuba ƙugi da tsiwa a cikin sautin, ka sa iyafis ka jona ka zare kaji bambancin da kunnenka.

Kafin allura ta taɓa kowane faifai sai na wanke shi, kuma wannan a wurina shine rabin aikin, don yawancin ƙaras-ƙaras ɗin da mutane suke cewa tsufa ne ba tsufa bane, datti ne. Ƙurar hunturun Zariya kun santa, ka goge tebur da safe kafin azahar ka rubuta sunanka a kai, ga iska a bushe, roban faifan yana tara wani lantarki da yake janyo ƙurar da kansa, kana zaro shi daga kwali kana jin yana ɗan tas-tas a hannu. Tataccen ruwa nake nema, irin wanda masu batirin mota da na sola suke ƙarawa, amma ka tabbatar ruwan zalla aka baka ba mai asid ba, ruwan rijiya ko na burtsatse in ya bushe yana barin farin gishiri a cikin layin. Ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa a cikin kofi babba ya isa. In shimfiɗa tawul mai tsabta, in kwantar da faifan, in jiƙa tsumma mai laushi in riƙa bin layin a zagaye yadda allura take bi, ba a gicciye ba, ina kaffa-kaffa da takardar tsakiya kada ta jiƙe don tawadar wasu tana zuba. Ruwan da yake fitowa daga faifan da ya daɗe a ajiye ja-ja ne kamar na kwata, oh, sai kaji tausayin abin. In ɗauraye da ruwan zalla, in jingine shi a tsaye a inuwa cikin ɗaki har ya bushe sarai, kada ka kuskura ka kai shi rana. Banda fetur, banda kananzir, banda garin sabulu, banda man goge baki da wasu suke cewa yana cike karce, ƙarya ne. Riƙonsa kuma ta gefe da tsakiya, maiƙon yatsa yana kama ƙura.

Ɗaukar kanta ba wuya. In nemi wurin da kiɗa ya fi tashi a faifan in gwada, in saita yadda ma'aunin ƙarfin sauti na Audacity zai riƙa tsayawa wajen -6, kada ya taɓa sifiri ya yi ja, don sautin da ya fashe a ɗauka ba mai gyara shi, wanda ya yi ƙasa kuwa ana ɗaga shi daga baya. A saitin ingancin ɗauka, 44,100 da bit 16 shine ma'aunin CD kuma ya wadatar, minti ɗaya yana cin wajen megabayit 10, babban faifai gaba da baya ya kama 400 ko sama kaɗan, in akwatinka yana iya bit 24 toh ya fi ba da sarari wajen gyara. Danna jan maɓallin ɗauka, sauke allura da ɗan sandan saukewa ba da yatsa ba, sai ka zauna. Babu gaggawa a nan, gefe ɗaya na babban faifai minti 20 ne ko fiye kaɗan kuma minti 20 ɗin zaka zauna, ni kam ina ganin wannan ne ma daɗin aikin, dole ka saurari waƙar daga farko har ƙarshe yadda masu ita suka saurara. Mutanen gida sukan ɗauka sai anyi tsit, a'a, ba makirfo ake amfani dashi ba, yara suyi surutunsu ba zai shiga ba, abin da yake shiga girgiza ce, a bugi teburin ko a buga ƙofa da ƙarfi ko ka ƙure sifika kusa da garmahon, shi yasa da iyafis nake saurare.

Yanzu ga inda nake so a ji ni da kyau. Da zarar ka gama ɗauka, kafin ka taɓa komai, ka adana shi yadda yake a WAV ko FLAC, wato irin fayil ɗin da baya rage ingancin sauti, ɗanyensa, da ƙaras ɗinsa da komai, ka sa a folda daban kada ka sake taɓa shi. Duk gyaran da zakayi a kan kwafi zakayi. Dalili kuwa abin gyaran yana da daɗin dannawa, akwai wanda ake kira Noise Reduction, kana ƙara shi kana jin shuuu ɗin yana ɓacewa kana jin daɗi, baka lura ba tare da shuuu ɗin ya kwashe amon kalangu, ya cinye kukan kukuma, 'yan amshi sun koma can nesa, muryar ta zama wata iri mai ƙarfe-ƙarfe. Shi kuma Click Removal aikinsa neman sauti mai kaifi da ya faɗo kwatsam, toh bugun kalangu da kotso da tafi ai haka suke, in ka matsa masa sai ya ɗauke su a matsayin karce ya daddashe su. Waɗanda suka ƙera abubuwan nan ba kiɗanmu suka sa a gaba ba. Ni manyan ƙas ɗin da suke firgita kunne kawai nake bi, in buɗe wurin sosai har in ga ɗan tsinin, in zaɓe shi in sa Repair, ɗaya bayan ɗaya, sauran ƙananan in bar su, kunne yana mantawa dasu da zarar waƙa ta kama. Faya-fayanmu da yawa dama tasha ɗaya aka yi su, irin waɗannan in ka haɗe hagu da dama wuri ɗaya wani kaso na ƙarar yana raguwa da kansa ba tare da an taɓa kiɗan ba. Daga ƙarshe in ɗaga sautin ya tsaya -1, in sa alama a farkon kowace waƙa da Ctrl da B, in fitar dasu daban daban.

Wani abu da zaka ci karo dashi a ƙananan faya-fayai na 45, waƙoƙinmu dogaye ne, makaɗin fada ko na jama'a yana iya shafe rabin awa a kan mutum ɗaya, shi kuma ɗan faifan nan minti 4 zuwa 5 yake ɗauka a gefe, toh sai kaga waƙa ɗaya an raba ta kashi na 1 a gaba kashi na 2 a baya. Wasu suna liƙa su su zama ɗaya, ni ina ajiye su a rabe yadda suka fito, in wani yana son haɗaɗɗe in yi masa nasa daban, domin wani lokacin ba yanka akayi ba, tsayawa mawaƙin yayi ya sake ɗaukowa da sabuwar buɗewa, kuma wannan ma abin sani ne.

Sannan suna. Wallahi sautin da ba suna rabin abu ne. Kowane faifai ina ɗaukar hoton kwalinsa gaba da baya da takardar tsakiya ta kowane gefe, in rubuta sunan mawaƙi da na waƙa yadda aka buga su ko da an karkata rubutun Hausar, da kamfanin, EMI ne ko Decca ko Philips ko Polydor ko Tabansi, da lambar faifan, da shekara in an sa. Akwai ma wata lamba da ake karcewa a jikin roban, a santsin dake tsakanin ƙarshen waƙa da takarda, sai ka karkata shi a haske kake ganinta, itama ina kwafe ta, da ita ake gane bugu na farko da na baya. Shafin Discogs yana taimakawa wajen faya-fayan Legas da na Indiya da na Turawa, amma namu na Hausa kaɗan ne a ciki, mu ne zamu shigar dasu in muna so su shiga. Garin nan fa ya san darajar abin, a nan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, toh in irinsa da duniya ta sani ana yawo da waƙoƙinsa a waya an sauya musu suna, ina ga ƙananan makaɗan da faifai ɗaya ko biyu kawai suka taɓa yi a rayuwarsu.

Abin da takarda bata faɗa ba kuma yana bakin tsofaffi. Kawuna na Tudun Wada in na gama faifai nakan tafi masa dashi a waya bayan la'asar, in sa masa iyafis ɗaya a kunne, ya sunkuyar da kai yana kaɗa ɗan yatsa a kan gwiwa, can sai ya ɗaga hannu yace "tsaya tsaya, mayar baya kaɗan." In mayar. Yace "ka ji wanda ya ambata ɗin nan, ai dillalin gyaɗa ne, gidansu na nan bayan tasha, jikokinsa ka sansu ma." Nace Kawu ku maimaita min a hankali in rubuta, yace rubuta mana ɗan nan, ai don haka nake faɗa maka. Haka zai bi waƙar yana warware min wane ne wane, wace shekara akayi abin da ake zance, wane habaici aka yi wa wa, kalmomin da ni ban taɓa ji ba. Duk in zuba a ɗan fayil ɗin rubutu in ajiye a folda ɗaya da waƙar, in rubuta cewa daga bakinsa naji, don kada gobe wani ya ɗauka a jikin faifan aka buga. In kana da irin wannan tsohon a gida kada ka bari sai ka gama duka faya-fayan sannan ka je masa, kana yi kana kai masa.

Wajen rabawa, MP3 nake fitarwa don waya amma daga gyararren kwafi, kuma in zan tura a WhatsApp a matsayin dokumen nake turawa don ya isa da sunansa yadda yake. Bana ɗora muryata ko lambar wayata a kai, bana kuma sayarwa, mawaƙan nan suna da magada kuma haƙƙi haƙƙi ne, wanda yake son yin kasuwanci da abin ya nemi iyalan ayi magana. Ɗanyen fayil ɗin kuma wuri biyu nake ajiye shi aƙalla, had dis ɗaya a gida ɗaya a wani gidan, filash da memori ba wurin ajiya bane, rana ɗaya suke tashi su ce babu komai a cikinsu.

Kuma don ka kwafa ba shine zaka yar da faifan ba, shine asali, watarana za a sami injin da ya fi naka. A tsaye ake jera su ba a kwance an ɗora wani kan wani ba, kada a matse kada kuma a bar su a kishingiɗe, nesa da taga da bangon da rana take duka, saman silin ɗin kwano kuwa a watan Maris da Afirilu shine mafi munin wuri a gidan gaba ɗaya, a sauko dasu. Wanda kwalinsa ya mutu a yi masa sabo da takarda mai tsabta amma a ajiye guntun tsohon in akwai rubutu a jiki. Wanda ya riga ya lanƙwashe kaɗan sau da yawa allura tana iya binsa, ka gwada ka kwafe shi a haka, kada ka ce zaka miƙar dashi da dutsen guga ko ka shanya shi a rana tsakanin gilasai, layin ne yake narkewa.

Faya-fayai masu nauyin nan kuma na garmahon da ake wanawa da hannu, 'yan 78, lissafinsu daban ne. Ba roba bane, wani irin ƙaro ne, suna fashewa in sun faɗi kuma sifirit yana narkar dasu, ko kusa kada ya je. Yawancinsu wajen minti 3 ne kacal a gefe, su ne aka sani kafin Columbia ta fito da babban faifai a 1948 RCA kuma ta fito da na 45 a 1949, kuma an ci gaba da buga su shekaru bayan haka. Layinsu ya fi faɗi nesa ba kusa ba, allurar zamani siririya ce sai ta nutse har ƙasan layin ta riƙa kwaso ƙara zalla, dole sai an sayi allurarsu ta musamman mai kauri. In garmahonka baya juya 78 kana iya ɗauka a kan 45 sannan ka ƙara gudun a Audacity, akwai wurin da zaka zaɓi daga 45 zuwa 78 kai tsaye, sai dai da yawansu an yi su kafin ƙa'idar RIAA, kowane kamfani da nasa awon, don haka sai ka ɗan daidaita kauri da kaifi da kunne. Kada dai a ce za a gwada su a tsohon garmahon hannu da allurar ƙarfe don aji ko suna yi, allurar nan kowane gefe ɗaya ake canza ta kuma nauyin kan ya wuce giram 100, in kana da irinsu ka naɗe kowanne a takarda ka jera su a tsaye a kwali har ka sami allurar da ta dace.